Shekarar da Aka Daina Sayo Ƙafar Akuya

Shin hannun Malam ne ya fara mutuwa, shi ya sa ya rungumi lacca, ko kuwa laccar ce ta ɗauke masa hankali har hannun ya mutu yana can yana magana? Na juya tambayar nan ina cikin takaba, na juya ta bayan na fita, har yau ban samu amsa ba, wanda zai faɗa mini kuma yana kwance a maƙabarta. Hadiza, rubuta yadda na faɗa. In kin ga hawaye kada ki tsaya, ba ya hana ni magana. Abin da ya sa na ce a rubuta wannan babin shi ne maganar da ke yawo a dangi, wadda jikokina suka fara ji a gidajen biki, wai yayanki Abba ne ya zubar da gadon gidan nan don ya ga yana aikin ofis. Ba haka aka yi ba. Ina nan aka yi komai, kuma a jikina aka ƙare.

Gidanmu na Ƙofar Guga gidan ɗori ne tun kakan mahaifinku. Wanda ya faɗo daga itace, wanda babur ya kayar, tsohuwar da ta zame a banɗaki, duk nan ake kawo su. Aikina shi ne in ɗora ruwan zafi, in fere karare, in yayyaga tsumma, in kawo man shanu, in mace ce kuma in riƙe ta. Na riƙe ƙafafu da hannuwa ba iyaka, amma kada wani ya ce muku na iya ɗori. Ban iya ba. Ina kallon yatsun Malam suna bin ƙashi a ƙarƙashin kumburi, su tsaya a wani wuri, ya ja, ya murza, a ji ƙas, mai kuka ya yi shiru, amma abin da yatsun nan ke ji ban taɓa jin sa ba. Malam kuma ba mai magana ba ne. Sai ya yini a zaure ba a ji komai daga bakinsa ba sai bisimilla da "a dawo bayan kwana kaza."

Yadda ake koyo a gidan nan na gan shi da idona, don da aka kawo ni surukina yana raye, bai kuma gama da Malam ba. Sai ya aika wajen mahauta a sayo ƙafar akuya da fatarta. Ya shiga bayan ɗaki ya naɗe ta a tsumma, ya buga mata taɓarya inda ya ga dama. Sannan ya ɗaure wa Malam ido da rawani, ya ajiye masa ƙafar a cinya, ya ɗora hannunsa a kan nasa. Malam ya nemi karayar, ya mayar da ƙashin. Tsohon ba ya cewa komai sai kalma biyu, ko "a'a" ko "haka". In Malam ya ja da ƙarfi, hannun da ke bisa ya tsayar da shi, in ya yi sanyi, ya ƙara masa. Da an gama sai a miƙo mini ƙafar in jefa a tukunya. Na sha romon ƙafar akuya a gidan nan har na ƙi jinin ƙanshinsa.

Abba kuwa Malam ne da kansa ya sa shi boko, ya bi ta har ya samu aiki a sakatariya. Sai da ya yi furfura a gemu, ya tara 'ya'ya, sannan wata rana ya zo ya durƙusa a gaban mahaifinsa ya ce yana so ya koya. Washegari na ga an shigo da ƙafar akuya, na kuma ji yana neman tsohon rawaninsa. Sun yi haka 'yan makonni, duk Asabar, Abba da ido a ɗaure yana gumi, Malam yana ta "a'a, a'a." Ni kuma na koma dafa romon da na tsana, ina murna.

A tsakiyar wannan ne wasu baƙi suka zo. Namiji da mace, cikin farar mota, daga wani ofishin lafiya. Ina bayan ƙofar zaure ina ji. Sun yi gaisuwa mai tsawo, sun tambayi iyali da aiki da gajiya, sun dawo sun sake tambayar iyali, har na ce a raina mutanen nan da abin da suke so. Wai ana tara maɗoran gari a wani babban ɗaki don a yi musu bita. Da suka tafi na tare Malam a tsakar gida.

"Malam, me za su yi muku a can?"

"Magana za su yi mana."

"In sun gama maganar fa?"

"Sai mu dawo gida. Kande, ke komai sai kin shinshina shi?"

Zan faɗi gaskiya, don kada a ce tsohuwa ta ƙi abu don ba ta yi makaranta ba. Wanda ya yi musu laccar likitan ƙashi ne, ya kuma san abubuwan da Malam bai sani ba. Daga bitar nan Malam ya daina taɓa karayar da ƙashi ya huda fata, ya kuma riƙa tura mutane su ɗauko hoto kafin ya sa hannu. Wannan ya amfani mutane, na shaida. Abin da ban yarda da shi ba shi ne wanda ya faru ranar rufewa. An miƙa wa Malam abin magana aka ce ya faɗi yadda gidansu ke aiki. Mutumin da na zauna da shi tun ina yarinya ban ji ya haɗa magana mai tsawo ba, wai ya tsaya ya yi bayani har ɗaki ya ɗauki tafi, likitan ya taso ya riƙe masa hannu. Ya dawo gida fuskarsa tana sheƙi. Ya zauna a bakin tabarmata yana maimaita mini abin da ya ce da inda aka yi dariya, tuwo ya huce a gabansa.

Abba ne ya kawo shawarar, da kyakkyawar niyya. Ya ce ilimin Baba bai kamata ya tsaya a hannun mutum ɗaya ba, ƙafar akuya mutum ɗaya take koya wa, amma magana kowa zai ji. Malam ya amince nan take, wannan saurin ma sai da ya tsaya mini a rai. Asabar ta gaba aka share zaure, aka shimfiɗa tabarmi har waje. Abokan Abba suka zo, da ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya, da waɗanda suka zo kallo kawai. Aka jingina waya a jikin buta tana ɗauka. Malam ya zauna a kan buzu ya fara: yadda ake gane karaya daga targaɗe, yadda ake bin ƙashin dantse, inda ake fara ja, yadda ake ɗaurin da ba zai hana jini gudu ba. Abba ya sayo wani ƙaton littafi mai hotunan ƙasusuwa, yana buɗewa yana nuna wa mutane abin da mahaifinsa ke nufi, yana kiran sunayensu da Turanci. Malam ya riƙa kallonsa yana gyaɗa kai. Ba a sake aikawa wajen mahauta ba.

Ni ma ina saurare ta bayan bango, ina tsinke zogale ko ina tankaɗe. Kuma wallahi da daɗi. Malam ya iya jera magana, ban san inda ya ɓoye ta duk shekarun nan ba. Wata Asabar da aka tashi, na miƙe ina kaɗe zane, sai na ji a raina cewa da za a kawo mini mai karaya yanzu, zan iya. A nan tsoro ya kama ni. Ni na san ban iya ba, na fi kowa sani, amma na zauna na ji magana mai daɗi na tashi ina jin na iya. To, samarin nan da ke fita suna cewa "yau mun ƙaru", waɗanda ko ƙafar kaza ba su taɓa riƙewa ba, su me suke ji a ransu? Ba wanda ke ce musu "a'a". A zauren nan duk tsawon damina ba a ce wa kowa "a'a" ba.

Sai na fara sa ido a kan Malam. Na ga carbi ya koma hannun hagu. Na ga buta ta suɓuce masa wajen alwala, ya waiga ya ga ko an gani. Maɓallin wuyan riga da yake sawa da kansa ya fara barin sa a buɗe. In yana lacca, hannun dama yana cikin riga, da hagu yake nuni. Masu zuwa ɗori kuma kusan kowa asibiti yake tura shi, har mai targaɗe, mutane suna cewa ai tun da Malam ya je bita ya waye. Na tambaye shi ranar da na ga shayi ya zube masa a cinya.

"Malam, me ya samu hannunka?"

"Sanyin damina ne."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka fara ruwa mana. Ko ke ce kike riƙe da hannun?"

Ban yarda ba. Ranar Juma'a na aiki mai kawo mana nama ya sayo mini ƙafar akuya da fatarta. Na karya ta da kaina da taɓarya, na naɗe. Asabar da safe, kafin mutane su taru, uba da ɗa suna zaune suna duba littafin, na shiga na ajiye ta a tsakaninsu, na ɗora rawanin a kai. Abba ya buɗe tsumman ya yi dariya.

"Inna, yau kuma farfesu za a raba wa ɗalibai?"

"Kai za a ba. Rabonka da ita tun kafin shuka."

"Ai mun wuce nan, Inna. Yanzu in kin tashe ni daga barci zan lissafa miki ƙasusuwan hannu kaf."

"Lissafawa ba ta dame ni ba. Malam, ɗaure masa ido."

Malam bai dubi ƙafar ba, bai dube ni ba. Ya ce mutane sun fara zuwa, in ɗauke ta in dafa, za a yi wani satin. Na ɗauke. Ban dafa ba, na ba maƙwabta. Wani satin bai zo ba.

Ƙarshen damina, ranar wata Asabar da hantsi, zaure cike, na fito da kwanuka zan wanke, ƙafata ta hau gansakukar bakin makwarara. Na kai hannu zan tare ƙasa, na ji ƙarar da na sha ji a hannun wasu. Wuyan hannuna na hagu ne. Hadiza, kina gidanki ran nan, ba ki gani ba, ki rubuta a hankali. Malam da Abba suka shigo da gudu, aka zaunar da ni a tabarma. Malam ya duba daga tsaye ya ce a nemo mota a kai ni hoto. Na ce ba inda za ni.

"Ni matar maɗori, uwar mai koyon ɗori, a ɗauke ni a ratsa unguwa da ni zuwa asibiti? Fata ba ta huje ba. Irin wannan ka sha gyarawa kafin ruwan zafi ya huce."

"Kande, ba lokacin gardama ba ne."

"To sa hannu."

Bai sa ba. Hannun yana cikin riga. Ya juya ya ce wa Abba ya zauna, shi zai faɗa masa. Na sani ina cikin azaba, amma na sani kuma yau zan ga abin da nake zargi, ban yi da-na-sanin tsayawar da na yi ba. Abba ya durƙusa, ya yi bisimilla, ya ɗauki hannuna kamar ƙwai. Bakinsa yana faɗin komai daidai. Ya ce a fara daga sama inda ba ciwo, a biyo ƙashin da babban yatsa, a tsaya inda ya yi tudu. Kalmomin mahaifinsa ne, har da inda yake jan numfashi. Yatsunsa suka biyo, suka zo kan kumburin, suka rikice. Ya koma sama, ya sake biyowa. Gumi yana ɗiga daga gemunsa a kan zanena.

"Ka same shi?" in ji Malam.

"Ina nema, Baba."

"Yana nan ƙarƙashin yatsanka. Ba ka ji ba?"

"Me zan ji, Baba? Kumburi kawai nake ji. Ka ce za a ji tudu, ni ko'ina tudu ne."

Sai Malam ya durƙusa, ya fito da hannun daga riga, ya ɗora a kan nawa. Na san hannun nan fiye da fuskata. Wanda ya sauka a kaina ran nan kamar an ɗora mini muciya. Ni na san inda karayar take, zafi yana nuna mini. Yatsunsa suka zo wurin suka wuce, suka dawo suka sake wucewa. Na ɗaga ido, shi ma ya ɗago, muka dubi juna. Ya janye hannun ya mayar cikin riga, ya ce wa Abba ya sallami mutanen zaure ya kawo mota. A asibiti suka gyara, suka sa mini farin ɗaurinsu mai tauri, sun kuma kyauta mini. Ya warke da ɗan ƙullutu, ga shi nan, taɓa ki ji.

Daga ranar ba a sake lacca ba. Malam da kansa ya aika aka sayo ƙafar akuya. Ya ɗaure wa Abba ido, ya ɗora hannunsa a kan nasa yadda aka yi masa. Ina zaune gefe da hannu a rataye. Abba ya daɗe yana lalube, ya ja, ya murza, sannan ya tsaya.

"Baba, haka?"

Malam bai ce "haka" ba, bai ce "a'a" ba. Ba shi da abin da zai gane da shi. Ya zauna yana kallon bayan hannunsa, can ya miƙa na hagu ya kwance wa Abba rawanin. Wannan ita ce ƙafar akuya ta ƙarshe da ta shigo gidan nan. Bayan Babbar Salla ɓarin jikinsa na dama ya shanye gaba ɗaya, ya kwanta.

Ku da kuke cewa Abba ya yi sakaci, ku ji. Bai taɓa fashin Asabar ba. Ya haddace maganar mahaifinsa, ya karance littafinsa har bango ya cire. Abin da aka ba shi ya riƙe duka, wanda ba a ba shi ba ne ya rasa. Shi yana cewa Baba ya san hannun yana tafiya, shi ya sa ya yi sauri ya zuba abin da zai zubu a magana kafin lokaci ya ƙure. Ke Hadiza kina cewa tafin da aka yi masa ne ya shiga kansa. Ni ina tsakani, kuma ina zargin duka biyun. In ya sani, me ya hana shi ya ba Abba sauran jin da ya rage a yatsun, maimakon ya ɓatar da damina guda yana magana? In kuma bai sani ba, me ya sa ya amince da sauri haka? Na tambaye shi yana kwance, ba sau ɗaya ba, sai ya juya fuska bango.

Maganar kuma ba ta mutu da shi ba, wannan ne ke hana ni sukuni. Bayan na fita takaba wani mutum ya yi sallama daga wani ƙauye ta wajen Jibiya, ya zo ta'aziyya. Ya ce shi ɗalibin Malam ne. Na ce ban san fuskarsa ba. Ya ce ai a waya ya saurare shi, duka, wasu ma ya maimaita, yanzu har ya fara ɗori a garinsu, albarka ya zo nema. Na tambaye shi ko an taɓa ɗora hannu a kan nasa. Bai gane tambayar ba. Na ce ya ji tsoron Allah ya riƙa tura mutane asibiti, ya ce to, da irin "to" ɗin da ake yi wa tsofaffi. Abba ya goge abin da ke wayarsa, amma ya ce wanda ya riga ya bazu ba ya kiruwa. Muryar mijina tana can tana sa mutane suna jin sun iya, ba ta kuma da hannun da za ta tsayar da su.

Ranar da Malam zai rasu, bayan la'asar ne. Abba ya fita sayo magani, ya dawo ya tarar mahaifinsa ba ya magana, bai kuma sake yi ba. Kafin nan ni kaɗai ce a ɗakin, ina zaune bakin gado ina yi masa fifita. Sai ya miƙo hannun hagu, wanda bai taɓa yin ɗori da shi ba, ya kama wuyan hannuna mai ƙullutu. Na ɗauka ruwa yake so. Sai na ji babban yatsan ya fara daga sama, inda ba ciwo, yana biyo ƙashin sannu a hankali. Ya zo daidai wurin ya tsaya. Bai wuce ba. Ya danna kaɗan, idonsa ya buɗe sosai, bakin da ya karkace ya motsa, na sunkuya na kai kunne.

"Kande, ashe na hagun yana ji. Ga wurin nan. Maza kira mini Abba ya zo ya sa hannu."